Amsoshin Takardunku: Takardar Sojan Bama, Ta Gaske Ko Ta Jabu?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Ɗambatta, mai sayen tsofaffin kaya yana kaiwa Kurmi. Ya ce an kawo masa takardar sallamar wani sojan yaƙin Bama tare da lambar yabo, kuma kuɗin da aka yanka ya kusa cinye jarinsa. Yana tambaya, ta yaya zai gane ta gaske ce?

To Alhaji, mun gode. Abin da za ka riƙe shi ne, kowace takarda tana ɗauke da zamaninta, maƙaryaci kuwa yakan manta da wannan.

Fara da tarihin. Samarinmu sun tafi ne a runduna biyu ta Afirka ta Yamma, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Ta 81 ta isa Indiya a 1943, alamarta baƙin gizo-gizo. Ta 82 ta bi baya a 1944, alamarta masu biyu gicciye a kan gammo. Sun haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. In takarda ta ce mutum yana runduna ta 82 amma yana yaƙi a Bama tun 1942, ka ajiye ta.

Sai ka sami wanda ya iya Turanci ya karanta maka ita a tsanake. In ka ji Jihar Kano, ƙarya ce, domin sai 1967 aka yi jihar. A da Lardin Kano ake rubutawa. In ka ji naira, ita ma sai 1973 ta zo. Soja da fam da sule aka biya shi. In an ambaci Sarauniya Elizabeth, ba ta hau gado ba sai 1952. Sarki Joji na 6 ne a lokacin yaƙi. Ka ga ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu kuma hannunka da hancinka. Shafa bayan takardar: tafireta takan bar ɗan tudu inda haruffa suka buga, ta kwamfuta kuwa sumul take. Duba tawada: akawun soja da alƙalamin tawada yake rubutu, biro bai bazu ba sai bayan 1945. Sansana ta: masu jabu sukan jiƙa takarda da ruwan shayi ko su rataye ta a madafa ta sha hayaƙi. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya. Za ka ga ya fi ci a bakin takarda da wurin ninki.

Lambar kuwa, Tauraron Bama tsini shida gare shi, ƙyallensa ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Sai a 1945 aka ƙirƙiro shi, saboda haka takardar 1943 ba za ta ambace shi ba. Ingila ba ta buga sunan soja a bayansa, shi ya sa mugu kan sayi tauraro na gaske ya haɗa da takardar ƙarya don kuɗi ya hau. Ingancin lamba bai wanke takarda ba.

Tambayi mai sayarwa: wane gida, wane ƙauye? In ya faɗa, je ka ga dagaci da tsofaffin wurin, ai gani ya kori ji. In ya fara kame-kame yana cewa akwai wani mai saye yana jira, riƙe kuɗinka. Kana kuma iya kai ta Gidan Makama a duba maka kafin ka biya.

Ku kuma da takardar kakanku ke cikin adaka, kada ku ba baƙo asalinta da sunan zai duba ya dawo da ita. Hoto ya ishe shi. Ku nesanta ta da laima da gara.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.