Cimakar Girkawa da Tukunyar Kanawa: Darasi Daga Bompai, Sharaɗa da Challawa



Gabatarwa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan lacca za ta dubi cimakar mutanen ƙasar Girka, wadda likitocin duniya suka daɗe suna yabawa saboda lafiyar zuciya da tsawon rai, sa'an nan ta ɗora ta a kan ma'auni guda da cimakar Kanawa, kafin zuwan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da kuma bayan zuwansu. Manufar ita ce a nuna cewa tsarin da ake yaba wa Girkawa a kai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, illa dai ana sakin sa a daidai lokacin da ilmi ya tabbatar da amfaninsa.

Dangantakar Hausawa da tunanin Girkawa kan abinci tsohuwa ce. Ta hanyar littattafan Larabci malaman ƙasar nan suka san sunayen Bukrata da Jalinusu, likitocin Yunanawa na dauri. Rabon cututtuka da abinci zuwa masu zafi da masu sanyi, wanda har gobe ake ji a bakin tsofaffi, yana da kama da koyarwarsu. Kalmar da Yunanawa suke kiran tsarin abinci da ita kuwa, asalin ma'anarta ita ce yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa duka, watau cinsa da shansa da aikinsa da barcinsa. Da wannan faffaɗar ma'ana za a dubi batun a nan.

Abin da aka gani a tsibirin Kirit

A shekarar 1948 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta gudanar da bincike kan halin rayuwa a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An tarar da talakawa suna rayuwa a kan gurasar alkama da sha'ir, da wake iri-iri, da ganyayen daji, da 'ya'yan itatuwa, da man zaitun mai yawa. Nama kuwa sai jifa-jifa. Da aka tambaye su abin da suke so a ƙara musu, mafi yawansu nama suka ambata. Ashe ke nan rashi ne ya ɗora su a kan wannan cimaka, ba su zaɓe ta don neman lafiya ba.

Daga 1958 wani masani Ba'amurke mai suna Ancel Keys ya jagoranci bincike a ƙasashe bakwai: Amurka, Finlan, Holan, Italiya, Yugoslabiya, Girka da Japan. An bi lafiyar maza fiye da 12,000 masu shekaru 40 zuwa 59 na tsawon shekaru masu yawa, kuma an shigar da mazan Kirit a 1960. Sakamakon ya ba da mamaki. Mutanen Kirit suna cin mai da yawa, amma mutuwa ta ciwon zuciya a cikinsu tana daga cikin mafi ƙaranci, alhali mutanen gabashin Finlan, masu dogaro da man shanu da kitsen dabba, su ne a sahun gaba. Daga nan aka fahimci cewa irin man da ake ci ya fi yawansa muhimmanci. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya cimakar Bahar Rum cikin al'adun da suka cancanci a adana wa 'yan Adam.

Ba a cikin akushi kaɗai maganar ta tsaya ba. Manomin Kirit yana tafiya a ƙasa, yana hawan duwatsu zuwa gonarsa. Cocin Girkawa ta tsara ranakun ƙauracewa nama da madara da ƙwai da suka kai 180 zuwa 200 a shekara, har da Laraba da Juma'a na yawancin makonni. Suna kuma da al'adar kishingiɗa da rana. Wani bincike da aka buga a 2007, wanda ya shafi Girkawa fiye da 23,000, ya nuna cewa masu yin barcin rana a kai a kai sun fi waɗanda ba sa yi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da kimanin kashi 37 cikin ɗari. Amma fa a yi hattara da labaran tsibirin Ikariya da makamantansa, inda ake cewa 'yan shekara ɗari sun yi yawa, domin wasu masana sun nuna cewa rashin ingancin takardun haihuwa yana kumbura irin waɗannan alƙaluma. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ciwon zuciya, wadda aka auna aka sake aunawa.

Tukunyar Kanawa ta da

In an ajiye sunaye aka dubi tsari, cimakar Kirit ginshiƙai huɗu gare ta: hatsi wanda ba a tace shi ƙwarai ba, da dangin wake, da ganye, da man tsiro. Yanzu sai a leƙa madafar Bakano na ƙauye shekaru sittin da suka wuce. Hatsinsa gero ne da dawa da maiwa, a yi tuwo da fura da kunu da dambu. Dangin wake akwai wake da gujiya da gyaɗa, a yi ɗanwake da ƙosai da alala. Ganye kuwa ba ya ƙidayuwa: kuka, zogale, rama, yakuwa, lalo, karkashi, tafasa, ga kuɓewa da kabewa. Mansa na gyaɗa ne da na riɗi, kuma kusan rabin man gyaɗa irin sinadarin nan ne da ya fi yawa a cikin man zaitun. Ɗanɗanon miya daga daddawar kalwa yake fitowa. Nono mai tsami yana cikin fura kullum, kamar yadda kindirmo yake a teburin Bagirke. Kayan marmarinsa su ne goruba da kanya da ɗinya da magarya da tsamiya. Nama sai ranar kasuwa ko suna ko salla, shi ya sa aka ce tuwon girma miyarsa nama.

Ta fuskar ɗabi'a ma haka abin yake. Noma da fartanya da jan ruwa da daka duk motsa jiki ne. Ƙailula sananniyar sunna ce. Ciyayya a zaure tana tara magidanta su ci tare a natse. Ga azumin Ramadan, da na Litinin da Alhamis, da sittu Shawwal, ga kuma koyarwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ta a raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Sai dai kada a ɗauka cewa mutanen da sun fi na yanzu tsawon rai a jimlace. Yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1973 zuwa 1974 sun yi ta'adi, kuma ƙyanda da agana da zazzaɓi suna kwashe yara tun suna goye. Har yau ma matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, alhali a Girka ya haura tamanin, kuma babban dalilin wannan tazara shi ne mutuwar ƙananan yara da rashin ruwa mai tsabta da ƙarancin asibiti. Abin da cimakar gargajiya take karewa daga gare shi shi ne cututtukan manya: hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya jawo hankalin duniya a farkon shekarun 1970 ga ƙarancin wasu cututtukan hanji a ƙauyukan Afirka, ya kuma danganta haka da yawan dusa da ganye a cikin abincinsu.

Zuwan masana'antu

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka gina dalar gyaɗa. Bompai ce unguwar masana'antu ta fari, inda aka kafa injinan matsar man gyaɗa tun kafin samun mulkin kai. Daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, sa'an nan Challawa, wadda ta yi suna da majemu na zamani.

A nan akwai wani abin lura. Girkawa sun zo Nijeriya, har kasuwancinsu ya iso Kano, amma ba cimakar Kirit suka kawo ba. Wani Bagirke mai suna George Coumantaros ne ya kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, kuma kamfanin Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai reshensa ne. A. G. Leventis, Bagirke daga tsibirin Kubrus, shi ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, mai yin Coca-Cola, wanda yake da masana'anta a Challawa. Waɗannan kamfanoni sun ba dubban mutane aiki, sun kuma sayar da abin da kasuwa ta nema. Amma dai tarihi ya nuna cewa fulawa da lemon kwalba ne rabon Kanawa daga Girka, zaitun da ganyen daji suka tsaya can.

A dubi yinin ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa. Yana fita da asuba kafin a dama koko a gida, ya hau A Daidaita Sahu a maimakon keke ko tafiyar ƙasa. Karin kumallonsa a teburin mai shayi ne: burodi da shayi mai sukari cokali uku ko huɗu, ko taliyar leda da ƙwai. Da rana farar shinkafa ko gurasa da lemon kwalba, a tsaye, cikin gaggawa. In aikin dare ya faɗo masa, babu ƙailula, babu ciyayya, barcin ma rabi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 50 na sukari a yini, kwalbar lemo guda ta santilita 35 kuwa tana ɗauke da kimanin giram 35. Ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini, alhali kusan rabin dunƙulen ɗanɗano da ya kori daddawa gishiri ne. Ta ce a ci ganye da 'ya'yan itatuwa giram 400 a yini. Injin fulawa kuwa yana cire dusar alkama da ƙwayar tsironta, sai farin gari ya rage, wanda jiki yake mayarwa sukari nan da nan. Wanda ya shekara ashirin a kan wannan tsari, ba abin mamaki ba ne a gan shi a layin masu hawan jini a asibitin Murtala.

Akwai kuma ɓarna ta biyu. Ganyen da ya kamata ya zama magani yana iya zama cuta in an shayar da shi gurɓataccen ruwa. Ruwan masana'antun Bompai yana bi ta rafin Getsi ya shiga Jakara, na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, kuma da waɗannan ruwaye masu lambu da yawa suke ban ruwan latas da alayyafo da karas. Binciken jami'o'i, har da Jami'ar Bayero, ya sha gano ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam na jima a cikin ruwan da ƙasar lambun. Ba a iya cewa talaka ya yawaita cin ganye sa'an nan a bar masa ganyen a wannan hali.

Girkawa kansu ba su tsira ba. Da arziki ya samu, jikokin manoman Kirit suka koma ga nama da sukari da mota, har yaran Girka suka shiga sahun gaba a ƙiba a nahiyar Turai. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Abin yi

Ba a bukatar Bakano ya sayi man zaitun mai tsada daga ƙasar waje. Abin da ake bukata shi ne injin da ya kawo sauyi ya koma yi wa tukunyar gida hidima. An riga an ga alamar haka: kamfanin Dala Foods da ke Sharaɗa yana sarrafa garin kunun tsamiya na gero, kuma injinan Bompai suna niƙa masara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero, ga kasuwar Dawanau a bakin ƙofa cike da shi. Ya kamata masu masana'antu su fitar da garin gero da dawa wanda ba a raba shi da dusarsa ba, da daddawa mai tsabta a ƙunshe, da busasshen zogale da kuka, da man gyaɗa wanda aka tantance daga gubar fumfuna. Ya kamata ɗakunan cin abinci na ma'aikata su riƙa dafa wake da dambu da fate, a kuma ba ma'aikaci lokacin da zai zauna ya ci. Wajibi ne hukuma ta tilasta tace ruwan majemu kafin a sake shi cikin kogi. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, ya dace a ga amfaninsa a asibitoci. Malaman Hausa kuma nasu aikin shi ne su tattara sunayen ganyaye da hanyoyin dafa su daga bakin tsofaffin mata, domin in sunan abu ya ɓace a harshe, ba ya daɗewa a tukunya.

Kammalawa

Manomin Kirit bai san yana cin abincin da duniya za ta yi koyi da shi ba, sai da baƙi suka zo suka auna jininsa. Bakano ya fi shi sa'a, domin an riga an yi awon, gero da wake da kuka kuma suna nan a kasuwa da araha fiye da abin da ke cikin leda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da lafiya da tsawon rai mai albarka.