Haɗa Waya da Allon Mota: Abin da Direba Ya Kamata Ya Sani

Yau maganar mota za mu yi. Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da kuka turo min daga Gwandu da Kalgo ita ce: "Motata tana da allo a gaba, ya zan haɗa shi da wayata?"

To, hanyoyi biyu ne manya. Masu iPhone suna amfani da Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014. Masu Tecno, Infinix, Samsung da sauransu kuma, nasu shi ne Android Auto na kamfanin Google, ya fara aiki a 2015. Daga Android 10 zuwa sama, da shi wayar ke zuwa.

Amma fa ba kowane allo ke karɓa ba. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano sun girmi wannan fasaha. Toyota ba ta fara sa CarPlay ba sai a ƙirar 2019. Saboda haka in Corolla ɗinka ta 2010 ce, kada ka wahalar da kanka, sai dai a canja mata allo.

In motar tana karɓa, ga yadda ake yi. Ka faka tukuna. Ka sa kebul a ramin USB na gaba, sannan ka amince da abin da ya bayyana a wayar. Mai iPhone ya tabbata Siri a kunne take. In ta ƙi, kafin ka zargi mota, canja kebul. Akwai kebul na caji kawai, ba ya ɗaukar bayanai, kuma shi ne ke ba mutane ciwon kai. Wasu sabbin motoci ba sa buƙatar kebul ma, da Bluetooth da Wi-Fi suke haɗuwa.

Abu biyu zan ƙara saboda yanayinmu. Na ɗaya, sabis yakan ɗauke a tsakanin ƙauyuka, don haka ka sauke taswirar Kebbi a Google Maps tun kana gida, za ta yi aiki ko babu intanet. Na biyu, zafi. A watan Afrilu zafinmu yakan haura digiri 40. Waya tana caji, tana taswira, ga rana ta gilashi, sai ta ɗau zafi ta tsaya. Ajiye ta a inuwa.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. An ƙirƙiro wannan abu ne don direba ya ajiye waya, hannunsa na kan sitiyari, ya amsa kira da murya. Shi ya sa CarPlay da Android Auto ba sa nuna bidiyo mota na tafiya. Amma allunan da ake sa mana a kasuwa, da yawansu ba ruwansu. Sai ka ga direba ya cika mota da fasinja, ya kunna fim, yana kallo yana tuƙi.

Mu yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ka kalli allo daƙiƙa 3, ka shafe fiye da mita 60 kamar idonka a rufe. A hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo, cikin mita 60 ɗin nan akwai ɗan kabu-kabu, akwai ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke tsallakawa, akwai shanu. Wallahi babu fim ɗin da ya kai ran mutum.

Ku ma fasinjoji kuna da baki. Ku ce, "Malam direba, don Allah a kashe mana." Ba faɗa ba ne.

Na ƙarshe, in za ka sayar da mota ko ka mayar da ta aro, goge wayarka daga allon, don lambobin mutanenka suna iya zama a ciki.

Ku rubuto mana irin motarku a ƙasa, mu duba tare. Allah Ya tsare hanya. Sai mako mai zuwa.