Jawabin Musawa: Wa Ke Duba Ramin Da A Ka Binne Guba?



Kowa a nan ya san kasuwar auduga. In mai saye shi ke da sikeli, shi ke karanta shi, shi ke kuma rubutawa a littafi, to, manomi sai ya karɓi abin da a ka ba shi. Maganarmu ta yau irin wannan ce, sai dai kayan guba ne, watau dattin nukiliya, wanda kan yi dubban shekaru bai huce ba.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na fari a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Daga Sahara kuwa hunturu ke kawo mana ƙura. Bayan na uku, cikin Janairu 1961, Nijeriya ta sallami jakadan Faransa. Daga baya su ka koma yi cikin ramin dutse a In Ekker, wai ƙasa za ta riƙe. Ran 1 ga Mayu 1962 dutsen ya yi aman hayaƙi, har kan ministocinsu biyu da su ka zo kallo! Da za su tashi su ka binne gurɓatattun kaya cikin rairayi. Har a 2021 Aljeriya na roƙon taswirar ramukan.

Mu matso kusa. A Arlit ta ƙasar Nijar, inda 'yan'uwanmu ke cin abinci, an rufe ma'adinin uraniyam na Cominak a 2021, a ka bar ɓaraguzai wajen tan miliyan 20. Kamfani ya ce zai lulluɓe su da yumɓu da dutse. Madalla. Amma wa zai auna ruwan rijiya bayan shekara 50? Masu awo na CRIIRAD, waɗanda ba yaran kamfani ba ne, su su ka daɗe suna yin kuka kan ruwan.

A Finlan an haƙa ramin Onkalo, zurfinsa ya wuce mita 400, sufetocin hukumar nukiliya ta duniya kuma su na da ikon shiga. Sai dai fa aikin sufetocin ƙidayar kaya ne, kada a karkatar a yi bam. Rijiyar talaka ba ita a ka aiko su dubawa ba.

Abin da mu ke nema ke nan: mai binnewa dabam, mai awo dabam, a buga taswirar kowane rami, sakamakon awo kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da harshen Buzaye.