Wandon Jins da Ruwan da Yake Ɓatawa

Tun 1873 da Levi Strauss da Jacob Davis suka yi rajistar wandon jins a Amurka, kasuwarsa sai gaba take yi. Yau ɗinkin ya koma Bangladash, Pakistan, Sin, Indiya da Turkiyya, inda ladan ma'aikaci bai taka kara ya karya ba.

Ni abin da ke damuna shi ne ruwa. Auduga na shan ruwa, rini da wanki ma haka. A garin Xintang na ƙasar Sin, dagwalon masana'antun jins ya taɓa mai da kogi shuɗi. Shunin nan haɗin sinadari ne, ba baba irin na marinar Ƙofar Mata ba.

Wasu masana'antu sun koma koɗar da launi da hasken lesa maimakon wanki da ruwa, madalla. Amma manyan kamfanonin da ke kwasar riba su ya kamata su biya kuɗin tace ruwan, kada a bar talakan bakin kogi da cuta.