Jawabi a Kan Fim ɗin "Prisoners": Abin Yabo da Abin Gyara

 

Da aka ce in yi jawabi, sai na tuna da daren Asabar ɗin da ake nuna mana majigi a ɗakin taro, washegari malaminmu na adabi ya tsare mu da tambaya: me ka gani, me kuma ka koya? Yau ga ni zan amsa masa, amma a kan wani fim na Amurka mai suna "Prisoners", wato fursunoni, wanda ya fito a shekarar 2013. Denis Villeneuve, mutumin Kanada, shi ya ba da umarni. Wanda bai kalla ba ya gafarce ni, don sai na fasa ƙwai.

Labarin a jihar Pennsylvania yake. Ranar bikin godiya da Amurkawa ke yi a watan Nuwamba, sai 'yan mata biyu ƙanana, Anna da Joy, suka ɓace. 'Yan sanda suka kama wani saurayi, Alex Jones, wanda aka ga motarsa a unguwar. Da suka ga hankalinsa bai wuce na ɗan shekara 10 ba, kuma babu shaida a kansa, sai suka sake shi. Mahaifin Anna, kafinta Keller Dover, wanda Hugh Jackman ya fito a matsayinsa, bai yarda ba. Ya sace Alex, ya kulle shi a wani kangon gida, ya yi ta dukansa, har da zuba masa tafasasshen ruwa, wai sai ya faɗi inda yaran suke.

To, a nan ƙarfin fim ɗin yake. Keller mutum ne mai addu'a, mai son iyalinsa, saboda haka da farko zuciyar mai kallo tana tare da shi. Sannu a hankali sai ka ga uban wadda aka sace shi ma ya zama mai satar mutum, kai kuma da kake goya masa baya kunya ta kama ka. Daga baya sai ta bayyana cewa Alex ma sato shi aka yi tun yana ƙarami, kuma tsohuwar da ke riƙonsa, Holly, ita ce mai laifin. Ashe wanda aka zalunta ake ƙara zalunta. Jake Gyllenhaal ya yi ƙoƙari a matsayin ɗan sanda Loki, haka ma mai ɗaukar hoto Roger Deakins, wanda aikinsa na ruwan sama da duhu ya sa aka saka shi cikin 'yan takarar kyautar Oscar.

Amma fa ba a rasa nono a ruga. Na farko, fim ɗin ya kai minti 153, kuma an ɓata lokaci wajen wani mutum mai tara macizai a akwatuna, wanda a ƙarshe ba shi ne ɓarawon ba. Na biyu, dalilin da aka ba Holly, wai tana yaƙi da Ubangiji ne saboda ɗanta ya mutu, an faɗe shi a gurguje, bai zauna ba. Na uku, an tauye iyaye mata. Mahaifiyar Anna kusan kullum tana kwance da maganin barci. Na huɗu shi ya fi damuna. Tun da Alex ya san wani abu game da yaran, mai kallo marar natsuwa zai iya cewa ai Keller ya yi daidai. Alhali ba azabar ce ta gano su ba. Joy ce ta kuɓuta, maganarta kuma ta sa Keller ya gane gidan.

'Yan'uwa, ba don nishaɗi kaɗai na zaɓi wannan fim ba. Mun ga abin da ya faru a Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020, kuma a cikinmu akwai waɗanda aka taɓa nasu. A fim ɗin ba a nemi kuɗin fansa ba, sabanin abin da muka saba ji a nan, amma zafin zuciyar iyaye ɗaya ne. Wannan zafi shi ke sa jama'a su far wa baƙo a kasuwa don wani ya yi ihun ɓarawon yara, kafin a bincika an riga an kashe shi. Ni kaina ban san abin da zan aikata ba in 'yata ce, shi ya sa nake roƙon mu horar da zukatanmu da na 'ya'yanmu tun kafin ranar ta zo: in an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma, a kuma matsa mata lamba ta yi aikinta.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya saka wa malamanmu da alheri. Nan zan dasa aya.