Idan Idon Mai Tsohon Ciki Ya Yi Ɗorawa

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Garun Mallam da Kadawa da Ciromawa, da 'yan kasuwar Kwanar Gafan, da maƙwabtanmu na Kura da Bunkure. Yau maganar mata masu tsohon ciki za mu yi, amma maigida, kai ma matso kusa da rediyo, domin kai ne mai ba da izinin fita, kai ne mai nemo mota.

Mu fara da aikin hanta. Mafi yawan sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, hanta ce ke haɗa su. Manomin rani ya san cewa idan bakin fangali ya ɓalle, laka ake ɗiba a toshe. To sinadaran nan su ne lakar jiki. Ranar haihuwa, da zarar mabiyiya ta fita, wurin da ta rabu da mahaifa babban rauni ne. Idan hanta ta gaza, abin toshewa ya yi ƙaranci, jini sai ya yi ta zuba har a rasa mai jego.

Me ke taɓa hantar mai ciki daga wata bakwai zuwa tara? Akwai hawan jinin ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. Idan ya tsananta yakan lalata hanta, ya kuma rage ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni. Likitoci na kiran wannan HELLP. Akwai taruwar kitse a hanta, wanda bai cika faruwa ba amma yana da saurin kisa. Sai kuma wanda ya fi damuna game da yankinmu, wato ciwon hanta nau'in E, wanda ake ɗauka ta ruwan sha da bayan gida ya gurɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata ɗari da suka kamu da shi a watannin ƙarshe na ciki, har 20 zuwa 25 na iya rasuwa. A shekarar 2017 ya ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu.

Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga arziki ne, shi ya ba mu shinkafa da tumatir da alkama. Sai dai kafin ya iso gonarka ya ratsa garuruwa, an yi wanki a ciki, an yi wanka, dabbobi sun shiga. Don Allah kada mai ciki ta sha ruwan kanal. Idan babu na burtsatse, a tafasa shi sosai, a rufe randa, a keɓe moɗa guda mai tsabta.

Yanzu ga abin da za ku duba, uwar miji da ke ungozoma. Ku fito da mai cikin zuwa hasken rana, ku ja fatar ido ƙasa. Idan farin idon ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, to ba a kwana da ita a gida. Haka idan amai ya dawo a wata takwas bayan laulayi ya daɗe da wucewa, ko ciwo ya tokare ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ciwon kai mai tsanani da ganin hazo da kumburin fuska. Ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa da ke hana barci shi ma a faɗa wa malamar asibiti. Alamar da ta fi kowace tayar da hankali ita ce jini: dasashi na zuba idan ta yi asuwaki, haɓo ya ƙi tsayawa, wurin allura na ta tsattsafowa, ko kuma ta fara yawan barci da sambatu.

Na san abin da aka saba. Sai a ce ai shawara ce, a haɗa jiƙo, a ƙara da maganin zaƙi. Hantar da ta riga ta galabaita ita za ta tace duk abin da aka ɗura mata, kuma kwanakin da aka ɓata ana jiƙo su ne kwanakin da likita ke buƙata. Haka nan kada a saya mata aspirin ko diclofenac a kemis ba da umarnin likita ba, domin suna iya ƙara zubar jini.

A asibiti za a auna hawan jini, a gwada fitsari, a ɗebi jini. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba jini kaɗan a ƙaramar kwalba, a riƙe a tafin hannu don ya zauna da ɗumi. Idan minti 7 ta wuce bai yi guda ba, an san akwai matsala. Sau da yawa maganin shi ne a raba ta da cikin da wuri, ko da wata tara bai cika ba. Maigida, idan likita ya faɗi haka, kada a tsaya sai an yi shawara da dangi na nesa.

Ku fara da asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Kura. Idan suka ce a wuce Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a kama hanya nan take, da katin awo a hannu, da maza biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.