Jawabi A Kan Miƙa Mulki Da Mayar Da Ajiya

Ya ku malamai da almajirai, maganata yau a kan miƙa mulki ce, watau yadda shugaban ƙasa mai sauka yake danƙa ragama ga wanda jama'a suka zaɓa. Ni ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne allo da littattafan fiƙihu da abin da idona ya gani, to da su zan auna maganar.

Kun karanta babin ajiya. Wanda aka ba ajiya ba shi da ikon hana ta ran da mai ita ya zo nema. In ya hana, ya yi zalunci, in kuwa ta salwanta bayan hanin, biya ya hau kansa. Mulkin zaɓe a Nijeriya haka yake. Jama'a su ke da shi, sukan ajiye shi ga mutum shekara 4, sa'an nan su zo su duba.

Ku sani gardama a kan gadon mulki takan ci rayuka. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, suka fita zuwa Takai. Aka yi Basasa, Musulmi yana saran Musulmi, har Aliyu Babba ya shiga birni a 1894. A zamaninmu kuma, soja suka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, ƙasa ba ta koma hannun zaɓaɓɓe ba sai 1999. Bayan zaɓen Afrilu 2011 fitina ta tashi a jihohin Arewa, mutum sama da 800 suka mutu cikin kwana 3. Wannan da idona na ga hayaƙinsa, na kulle almajiraina a zaure, muna jin ihu a bayan katanga.

Saboda haka da zaɓen 2015 ya matso, tsoro ya cika gari. Ina da maƙwabci, ɗan kasuwa mutumin Kudu, shekara da shekaru muna gaisawa. Wata safiya ya zo da mabuɗin shagonsa, ya ce, “Malam, zan kai iyalina gida. In ƙasa ta zauna na dawo, in ba ta zauna ba, ka sayar da kayan ka aiko mini.” Na karɓa, na sa a gafaka tare da littafina, zuciyata ba daɗi.

Aka jefa ƙuri'a ran 28 ga Maris. Marigayi Muhammadu Buhari ya sami sama da miliyan 15, Goodluck Jonathan kusan miliyan 13. Ran 31 ga Maris, tun hukumar zaɓe ƙarƙashin Attahiru Jega ba ta gama sanarwa ba, Jonathan ya ɗauki waya ya kira Buhari, ya yi masa barka. Alhali soja da 'yan sanda da baitulmali duk suna hannunsa. Ba a taɓa ganin shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya sallama a ƙasar nan ba sai ran nan.

Sa'an nan aka bi ƙa'ida. Kowane ɓangare ya kafa kwamiti, na Buhari Ahmadu Joda ne shugabansa. Ran 28 ga Mayu aka miƙa takardun bayanin abin da ke ma'aikatu, kamar yadda mai riƙon dukiyar maraya yake kawo lissafi. Kashegari aka yi rantsuwa a Abuja gaban Alƙalin Alƙalai. Maƙwabcina kuwa tun cikin Afrilu ya komo, na ciro mabuɗinsa na ba shi, ya buɗe ya iske ko allura ba ta ɓata ba.

Amma fa kada ku ce an gama. A Nijar, Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum mulki a Afrilu 2021, karo na farko tsakanin zaɓaɓɓu biyu a can, a Yuli 2023 soja suka tuɓe shi. Gyara ɗaya ba ya tsare katanga har abada, kowace damina sai an sake yaɓe.

To ga nasiha uku. Mai sauka ya sauka da wuri, ya kawo lissafi cikakke. Mai hawa ya tuna shi ma aro aka ba shi, kada ya rama a kan wanda ya sakar masa, domin in mai sauka ya san wulaƙanci ke jiransa, gobe wani ba zai saki ba. Ta uku tamu ce. Wanda ya ga an cuce shi, ga kotu, kamar yadda masu ƙorafin zaɓen 2023 suka bi har kotun ƙoli. Ku malamai, harshenku a kan mumbari ya fi na 'yan siyasa kaifi, ku tsare shi. Ku almajirai, duk wanda ya ba ku kuɗi ku ɗauki gora ko fetur, ku tambaye shi ina nasa 'ya'yan suke.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana da mayar da ita. Wassalamu.